Louis Pasteur, Ɗan Majemin da Ya Tona Asirin Ƙwayoyin Cuta

Duk wanda ya tashi a karkarar Yola, ko a Yolde Kohi ko Ngurore ko Namtari, ya san yadda matan Fulani ke yin kindirmo. Sukan tafasa madara su bar ta ta huce, sa'an nan su ɗebo ɗan tsohon nono su zuba a ciki, su rufe ƙwarya. Kafin gari ya waye madara ta kama. Kaka ta koya wa uwa, uwa ta koya wa 'ya, amma shekaru aru-aru ba wanda ya san abin da ke cikin ɗan tsohon nonon nan har yake juya ƙwarya guda. Mutumin da ya fara nuna wa duniya cewa waɗansu halittu ne masu rai, waɗanda ido ba ya gani, shi ne Louis Pasteur, wani malamin makaranta na ƙasar Faransa, wanda ya mutu tun cikin 1895.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Sabon Badun ko Shagamu ko Anacha zai iya cewa, ina ruwan mai neman abinci da Baturen da ya mutu shekara fiye da 120? To, akwai ruwansa. Dillalin shanu da mahauci da mai shayi da mai jego duk suna cin moriyar aikin mutumin nan kullum. Kuma tarihinsa ya nuna cewa ilmin ƙwayoyin cuta, wanda yau ake karantarwa a jami'o'i, daga damuwar masu sana'a ya taso, makiyaya da manoma da masu masana'antu, waɗanda suka riƙa kawo kukansu wurin malami guda.

Ɗan majemi

An haifi Pasteur ran 27 ga watan Disamba, 1822, a garin Dole da ke gabashin Faransa. Ubansa tsohon soja ne na rundunar Napoleon, wanda ya koma sana'ar gidansu, watau jima. Yaron ya girma a garin Arbois, cikin warin majema da ramukan jiƙa fata. A makaranta ba a lissafa shi cikin haziƙai ba, abin da aka fi saninsa da shi shi ne zanen hotuna. Cikin 1838 aka tura shi Paris karatu, kewar gida ta kama shi, bai yi wata biyu ba ubansa ya je ya komo da shi. Cikin 1841 ya faɗi jarrabawar kimiyya. Da ya sake ta cikin 1842 ya ci, amma a fannin haɗa sinadarai, watau fannin da ya zo ya yi suna a kansa, sakamakonsa tsaka-tsaki ne.

Abin da yake da shi shi ne naci. A shekarar nan ta 1842 ya ci jarrabawar shiga babbar kwalejin horon malamai ta Paris, wadda ake kira École Normale, amma da ya ga sunansa can ƙasa sai ya ƙi shiga. Ya ƙara shekara guda yana karatu, ya sake zama cikin 1843, ya zo na 4. Cikin 1847 ya sami digirin dakta. Shekara guda bayan haka, yana ɗan shekara 25, ya gano cewa 'yan duwatsun wani irin gishiri da masana suka ɗauka abu ɗaya ne ashe iri biyu ne, kamar hannun dama da na hagu. Da hantsaki ya zauna ya rarrabe su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Wannan ne ya sa manyan masana suka fara jin sunansa.

Daga nan ya kama aikin malanta. Ya ɗan karantar a wata sakandare a Dijon, sa'an nan a farkon 1849 aka ba shi kujerar koyarwa a Jami'ar Strasbourg. Can ya auri Marie Laurent, 'yar shugaban jami'ar, wadda ta zama marubuciyarsa har ƙarshen ransa.

Kukan uban ɗalibi

Cikin 1854 aka naɗa shi shugaban sabon sashen kimiyya a Lille, garin masana'antu a arewacin Faransa. Bai tsaya ga allo da alli kaɗai ba. Ya riƙa kwasar ɗalibansa yana kai su masana'antu, domin su ga inda karatunsu zai yi amfani. Cikin 1856 uban wani ɗalibinsa, mai suna Bigo, ya zo masa da kuka. Mutumin yana da masana'antar tatsar barasa daga wata saiwa mai zaƙi, ga shi kuwa randunansa sai tsami suke yi suna lalacewa, hasara tana bin hasara. Pasteur ya ɗebo ruwan randa mai kyau da na wadda ta ɓaci ya duba a madubi. A mai kyau ya ga ƙwayoyin yisti ƙulu-ƙulu. A wadda ta ɓaci kuwa ya ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa dabam sun cika ta.

A zamanin nan manyan masana, har da Liebig na Jamus, sun ɗauka tsami da ruɓa aikin sinadarai ne kurum, ba ruwansu da rai. Cikin 1857 Pasteur ya gabatar da takarda a kan irin tsamin da madara ke yi, ya nuna cewa wata halitta ce ke ci tana hayayyafa, kuma in aka ɗebi kaɗan daga cikinta aka shuka a sabon ruwa, sai ta ci gaba da aikinta. Abin da Bafilatana ke yi ke nan da tsohon nononta: iri take shukawa. Tun wajen 1670 wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ya ga irin waɗannan halittu a madubi, amma an ɗauke su abin kallo ne kawai. Pasteur ne ya nuna cewa suna da aiki, kowace da nata.

A ƙarshen 1857 aka komo da shi tsohuwar kwalejinsa ta Paris, ya zama mai kula da karatun kimiyya da sha'anin mulki. Ba a ba shi ɗakin bincike ba, sai ya gyara waɗansu 'yan ɗakuna a ƙarƙashin rufin bene. A nan ya shiga wata tsohuwar gardama: shin ƙananan halittun nan da kansu suke tsirowa a cikin abin da ya ruɓe, ko kuwa shigowa suke yi daga waje? Ya sa aka ƙera masa kwalabe masu dogon wuya lanƙwasasse kamar na zalɓe, ya zuba romo ya tafasa. Iska na shiga, amma ƙura takan maƙale a lanƙwasar. Romo ya yi wata da watanni bai ɓaci ba. Da an karya wuyan kwalba kuwa, kwana biyu ya isa ya gurɓace. Cikin 1860 ya ɗauki kwalabe ya buɗe 20 a karkara kusa da Arbois, 8 suka ɓaci. Ya hau duwatsun Alps masu ƙanƙara inda ba ƙura, ya buɗe 20, ɗaya tak ta ɓaci. Ma'anar wannan ita ce, abin da ke lalata abinci shigowa yake yi, saboda haka ana iya tare shi.

Daga wannan ne ya fito da dabarar ɗumama abin sha zuwa wani mizani, a kashe ƙwayoyin da ke ɓata shi ba tare da an ƙona shi ba. Shi a kan ruwan inabi ya yi aikinsa cikin 1865. Wani masani a Jamus mai suna Soxhlet ne ya kawo shawarar a yi wa madara haka cikin 1886. Yau kamfanonin madara kan ɗumama ta zuwa awu 72 na ma'aunin zafi na tsawon daƙiƙa 15, kuma har yanzu da sunan Pasteur ake kiran dabarar. A gida kuwa tafasawa ta wadatar. Ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya, da ciwon nan mai sa shanu ɓari wanda makiyaya ke kira bakkale.

A wajen ɗalibai kuwa, Pasteur mutum ne mai tsanani ƙwarai. Da suka ƙi cin wani dafaffen naman rago, sai ya ba da umurni a riƙa dafa shi kowace Litinin. Da ya ce zai kori duk wanda aka kama yana shan taba, ɗalibai 73 cikin 80 suka miƙa takardar barin makaranta, sai da manya suka sa baki. Cikin 1867, bayan wata rigimar kuma, ya sauka daga mulkin kwalejin ya koma koyarwa a Jami'ar Sorbonne.

Tsutsar siliki da mutuwar 'ya'ya

Cikin 1865 tsohon malaminsa Dumas ya roƙe shi ya tafi Alès, a kudancin Faransa, inda wata annoba ke ƙare tsutsar siliki, 'yar'uwar tsutsar nan da ake saƙa rigar tsamiya da zarenta. Dubban iyalai da kiwonta suke ci. Pasteur bai taɓa riƙe tsutsar ba a ransa, amma ya tafi. Ya yi wajen shekara 5 a kan aikin, ya yi kuskure ya gyara, har ya gane cuta biyu ce. Maganin da ya bayar mai sauƙi ne. A ware kowace uwa ta yi ƙwanta ita kaɗai, sa'an nan a niƙe ta a duba a madubi. In an ga cuta a jikinta a ƙone ƙwan, in babu a ajiye shi iri. Ya koya wa manoma duba madubi da kansu.

Shekarun nan sun yi masa nauyi. 'Yarsa ta fari, Jeanne, ta riga ta mutu da zazzaɓin taifot cikin 1859 tana da shekara 9. Cikin 1865 ubansa ya mutu, ƙaramar 'yarsa Camille ta bi shi. Cikin 1866 taifot ya sake ɗauke masa Cécile, 'yar shekara 12. Cikin 'ya'ya 5, biyu kaɗai suka girma. Sa'an nan a watan Oktoba na 1868, yana da shekara 45, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya tashi, amma da ɗingishi da mataccen hannu ya ƙarasa rayuwarsa. Duk manyan ayyukan da suka biyo baya da hannun almajiransa aka yi su, shi yana tsaye yana ba da umurni.

Aikinsa ya ƙetare teku. A Glasgow wani likitan fiɗa mai suna Lister ya karanta rubuce-rubucensa, ya ce in ƙwayoyi ne ke ruɓar da romo, to su ne ke ruɓar da rauni. Daga 1865 ya fara wanke raunuka da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyi, mutuwa bayan fiɗa ta ragu ƙwarai. Shi ma Pasteur, da aka zaɓe shi cikin majalisar manyan likitocin Faransa a 1873, ko da yake shi ba likita ba ne, ya dinga faɗa musu su wanke hannu su ƙona kayan aiki. Ya nuna musu cewa zazzaɓin da ke kashe masu jego a asibiti hannun ma'aikata ne ke yawo da shi daga gado zuwa gado. Da yawa cikinsu ba su ji daɗin maganar ba.

Ciwon saifa

Makiyayan Adamawa sun san ciwon saifa: dabba tana kiwo lafiya lau, sai ta faɗi, baƙin jini ya fito ta hanci da dubura. Makiyayan Faransa ma da sunan saifa suke kiransa a jikin tumaki. Suna da waɗansu filaye da suke cewa la'anannu ne, don duk garken da ya yi kiwo a ciki sai ya yi hasara. Cikin 1876 Robert Koch na Jamus, wanda ya zama babban abokin hamayyar Pasteur, ya nuna cewa ƙwayar cutar takan dunƙule ta yi ɓawo mai tauri ta daɗe ba ta mutu ba. Pasteur da almajiransa suka bi filayen nan, suka tarar wuraren da aka taɓa binne mushe ne, kuma tana tana turo ƙwayoyin sama tare da ƙasa.

Kafin nan, wajen binciken wata annobar kaji cikin 1879 da 1880, sun lura cewa ƙwayoyin da suka daɗe a kwalba sukan yi rauni. Kazar da aka yi wa allurarsu ba ta mutuwa, kuma in aka sa mata masu ƙarfi daga baya ba sa kama ta. Tun 1796 Jenner na Ingila ya fito da lambar agana, amma shi a jikin saniya ya tsinci tasa. Abin da Pasteur ya kawo sabo shi ne a raunana ƙwayar cuta da gangan a ɗakin bincike.

Wani likitan dabbobi mai suna Rossignol, wanda bai gaskata ba, ya nemi a gwada a bainar jama'a a gonarsa da ke Pouilly-le-Fort. Ran 5 da ran 17 ga watan Mayu, 1881, aka yi wa tumaki 24 da akuya 1 da shanu 6 rigakafi. Aka bar tumaki 24 da akuya 1 da shanu 4 ba a yi musu ba. Ran 31 ga wata aka ɗura wa dukkansu cuta mai ƙarfi. Ran 2 ga Yuni jama'a da 'yan jarida suka taru. Waɗanda aka yi wa rigakafi suna tsaye suna kiwo. Tumakin ɗaya garken kuwa galibinsu sun riga sun mutu, sauran suka ƙarasa a ranar, shanunsu kuma suka kumbura.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a nan. Pasteur ya hana a nuna wa kowa littattafan da yake rubuta sirrin gwaje-gwajensa, sai cikin 1964 jikansa ya miƙa su ga babban ɗakin karatu na Faransa. Wani masanin tarihi na Amurka, Gerald Geison, ya nuna cikin 1995 cewa allurar da aka yi aiki da ita a gonar nan almajiransa Chamberland da Roux ne suka haɗa ta da wani sinadari, bisa hanya mai kama da ta wani likitan dabbobi, Toussaint. Pasteur ya bar mutane suna zaton tasa hanyar ce. Yana da son girma da zafin gardama, kuma bai cika yaba wa abokan hamayya ba.

Yaron da kare ya ciza

Ciwon haukan kare ya fi wuya, domin ƙwayarsa ta yi ƙanƙantar da madubin zamanin ba ya ganinta. Pasteur bai taɓa ganinta ba har ya mutu. Shi da Roux suka gane a ƙwaƙwalwa da laka take zama, suka riƙa renonta a jikin zomaye, suna shanya lakar a cikin kwalba. Iyakar daɗewarta a shanye, iyakar rauninta. Da yake cutar takan yi makonni kafin ta kai ƙwaƙwalwa, suka ga ana iya riga ta da allura ko bayan cizo.

Ran 6 ga watan Yuli, 1885, wata mata daga Alsace ta iso da ɗanta Joseph Meister, ɗan shekara 9, wanda mahaukacin kare ya yayyaga kwana biyu da suka wuce. Pasteur ya shiga tsaka mai wuya, domin a kan karnuka ya fi gwada maganin, in kuwa yaron ya mutu shi za a kama. Likita Grancher ne ya riƙe allura, aka yi wa yaron guda 13 cikin kwana 11. Ya rayu, har ya girma ya zama mai gadin cibiyar Pasteur. A watan Oktoba aka ceci wani yaro makiyayi, Jupille, wanda ya yi kokawa da mahaukacin kare don ya kare ƙananan yara. Amma wata yarinya, Louise Pelletier, wadda aka kawo bayan kwana 37 da cizo, ta mutu. Kafin watan Maris na 1886 an yi wa mutum 350 allurar, ita kaɗai aka rasa. Har daga Rasha aka kawo mutum 19 da kyarkeci ya ciza, 16 suka koma gida.

Makarantar da ya bari

Kuɗi suka riƙa shigowa daga talakawa da sarakuna, har da Sarkin Rasha da Sultan Abdulhamid na Turkiyya. Ran 14 ga watan Nuwamba, 1888, aka buɗe Cibiyar Pasteur a Paris, wurin magani da bincike da karantarwa gaba ɗaya. Cikin 1889 Roux ya buɗe aji na koyar da ilmin ƙwayoyin cuta, likitoci suka riƙa zuwa daga ƙasashe dabam-dabam. Daga gidan nan Yersin ya fito, wanda ya gano ƙwayar annobar ɓera a Hong Kong cikin 1894. A shekarar nan kuma Roux ya nuna amfanin maganin mashaƙo a asibitin yara. Calmette da Guérin suka yi allurar tarin fuka ta BCG, wadda aka fara yi wa jariri cikin 1921. Ɗan tabon nan da ke dantsen yaran Nijeriya daga can ya samo asali.

Pasteur ya mutu ran 28 ga watan Satumba, 1895, a kusa da Paris, yana da shekara 72. Kabarinsa yana cikin cibiyar.

Rassan aikinsa sun iso har maƙwabta. Cibiyar Pasteur ta Dakar tana yin allurar shawara. Ta Kamaru tana da reshe a Garwa, a bakin Binuwai ɗin nan da ke wucewa ta Jimeta. A Nijeriya kuwa, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, wadda aka kafa cikin 1924, tana yin allurar saifa da ta haukan kare, ko da yake ta saifa ta yanzu irin wadda Max Sterne ya gyara ce a Afirka ta Kudu kafin yaƙin duniya na biyu. Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei kusa da Yola, wadda aka kafa cikin 1981, tana karantar da ilmin ƙwayoyin cuta, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero a Kano. Uban da ke fatauci a Kudu, wanda ɗansa ko 'yarsa suka ce wannan fanni suke so, kada ya ce ai ba likita za su zama ba. Masu wannan ilmi ne ke duba jini da ruwan sha da madara, su faɗa wa likita abin da zai yaƙa. Kada kuma faɗuwa jarrabawa sau ɗaya ta sa a cire yaro daga makaranta.

Cututtukan da Pasteur ya yaƙa ba su ƙare ba. Cikin 2023 ciwon saifa ya ɓulla a wata gona kusa da Suleja, mashaƙo kuma ya kashe yara da yawa a Kano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe wajen mutum 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, shi ya sa aka keɓe ranar mutuwar Pasteur, 28 ga Satumba, don faɗakarwa a kansa. Saboda haka, jama'a, dabbar da ta faɗi farat ɗaya tana zubar baƙin jini kada a yanka ta, kada a feɗe ta, a kira malamin dabbobi. Wanda kare ya ciza kuwa a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar. Alluran yanzu 'yan kaɗan ne a dantse, amma in aka jira alamun ciwon suka bayyana, ba sauran magani.